Doka ta Tara

Kun zo kun same ni a kan benci a bakin get, na miƙe ƙafa ina kurɓar shayi, shi ne kuka ce ku ma a nema muku irin aikina, ni Baba Sale, wai aikin zama. To madalla. Ku matso kusa, ku mayar da wayoyin nan aljihu, don in ina magana ba na son in riƙa kallon tsakar kan mutum. Shekarata ashirin da biyar ina kula da wannan estet a Fatakwal. Gida ashirin da uku ne, shida na Hausawa, sauran na Ikwere da Ibo da mutanen bakin ruwa. Kowa da gidan kansa, amma get ɗaya, bohol ɗaya, fili ɗaya, lambatu ɗaya. Masu gidajen suna da ƙungiya, suna mitin ranar Lahadin farkon wata, su kafa doka, a rubuta ta a wannan allon da ke bayana. Su nasu ɗaga hannu ne, su koma gida su ci abinci. Wanda zai bi gida-gida ya ga an bi dokar, shi ne ni. Buɗe get da rufewa da kuke gani, wannan lokacin hutuna ne.

Ci-rani ne ya kawo ni daga ƙauyenmu na ƙasar Rano. Na tura baro a Mile 2 Diobu har tafin hannuna ya yi kanta, na koma dakon albasa a Kasuwar Oil Mill. A can Alhaji Bala ya gan ni. Babban dillalin albasa ne, asalinsu Kanawa, amma a nan aka haife shi, in yana Ibo ba ka ce Bahaushe ba ne. Ya ce tsohon da ke kula musu da layi ƙarfinsa ya fara ja da baya, ana neman mai jini a jika. Tsohon shi ne Baba Tanko, Bazazzagi, gajere, bakinsa kullum ja da goro. Ya yi shekaru yana gyaran lambatu a Kasuwar Ose Okwodu ta Anaca, ya yi gadi a Inugu, sannan ya sauka nan tun ana aza bulon farko.

Ran da na fara, Baba ya miƙo mini shebur ya ce in yashe lambatu. Na kama daga nan bakin get, inda ya fi tudu, ina kwasar taɓo ina jibgewa, har da 'yar waƙata, ina cewa yau tsoho zai san ya samu namiji. Shi kuwa ya zauna a kan bulo yana kallona. Zuwa azahar duk dagwalon da na tayar ya gangara ya cushe a bakin kwalbati can ƙasa, ruwa ya dawo da baya, wari ya cika layi, mata suka fara leƙowa suna toshe hanci. Sai a lokacin ya taso ya ce, "Kai ɗan samari, ruwan nan ta ina yake fita?" Na nuna ƙasa. Ya ce, "To me ya kai ka sama? Ka buɗe masa ƙofa tukuna, sannan ka kore shi." Na sake aikin daga farko, har magariba ina ciki. Tun ranar ban ƙara sa shebur a lambatu ba sai na je na ga inda ruwan zai fita.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Shebur biyu ne, mai faɗin baki na kwasar taɓo, mai tsini na haƙa. Wanda ya ba ɗaya aikin ɗaya zai karya ƙota. Manjagara ta jawo leda ce, don ledar ruwan sha ta fi komai ba mu wahala a garin nan. Ga baro, ga adda, ga diga, ga takalmin roba mai kaiwa gwiwa, wanda sai ka kife shi ka girgiza kafin ka zura ƙafa, in ba haka ba shanshani ya yi maka barka da asuba. Sai babbarsu, doguwar gorar can da ke jingine jikin tanki, an ɗaure mata ƙugiyar rodi a baki. Da ita ake zungurar cikin kwalbati inda mutum ba ya shiga. Baba yana zura ta zai rufe ido, daga yadda ta motsa a hannunsa ya ce maka yashi ne, ko tsumma, ko mushen kaza. Na fi shekara uku kafin hannuna ya fara jin abin da nasa yake ji.

Kuma ku sani ruwan nan ba irin na gida ba ne. A wajenmu hadari sai ya haɗu, ya yi gangami, kowa ya gani, a kwashe shanya. Nan kuwa kana tsaye rana tana dukanka sai ka ji shi a ka, kuma yana iya kwana uku bai ɗauke ba. Ƙasar ma a ƙoshe take. Da damina in ka haƙa zuwa gwiwa, ruwa ne zai taso ya tare ka. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Aikin lambatu ƙarfi ne, ana gamawa a yi wanka. Aikin mutane shi ne mai sa furfura. Akwai wata safiya da ragon Alhaji Bala ya tsinke igiya ya faɗa lambun Mama Nkechi, ya cinye mata ganyen miyarsu na ugu tas. Mama Nkechi ita ce mai gidan ƙarshe, can gangare, katangarta tana jingine da filin estet. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, doguwa, mai murya. In ta yi kira daga gidanta ana ji a get. Ta fito tana "Chineke!", kiran Allah da Ibo, tana tafa hannu, ni kuma da zafin kai na ce bari in je in gaya wa Alhaji gaskiya a gaban kowa. Baba ya riƙe mini riga. Ya bari sai da Alhaji ya karya, ya fito shi kaɗai zai shiga mota, sannan ya je ya rusuna suka gaisa, an tashi lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya albasa bana. Can ya ce, "Alhaji, allo ne ya aiko ni. Doka ta huɗu, wai dabba a ɗaure." Alhaji ya yi dariya, kafin azahar kwandon albasa da tattasai ya isa gidan Mama Nkechi. A hanya Baba ya ce mini, "Ba a gaya wa mai gida laifinsa a gaban matarsa, ko 'ya'yansa, ko direbansa. Kuma kada ka taɓa cewa ni na ce. Kai ba ka da baki, allo ne yake magana. Amma abin da allo ya faɗa wa Alhaji, shi zai faɗa wa Ciyaman ɗin ƙungiya, ko da ranar ya ba ka shadda."

Dokoki takwas ne a lokacin. Kar a ajiye mota a kan kwalbati. Kar a zuba shara a lambatu in ana ruwa, don akwai masu jiran hadari su turo 'yan aiki da bokiti, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta in ba ƙofar Mama Nkechi ba? Lasifikar masallacinmu da ta masu addu'a a gidan Fasto, duka su kalli ƙasa. Mai son kafa rumfa a fili, ta biki ko ta makoki, ya faɗa da wuri. Sai shara ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kowane gida ya fito da mutum ɗaya. A da masu gidajen da kansu suke fitowa. Ka ga lauya da gajeren wando yana tura baro, Alhaji ya naɗe hannun riga yana jan manjagara, Mama Nkechi tana tsaye a kansu tana gyara musu aiki kamar 'yan aji uku. Yanzu kowa ɗan aiki yake turowa, shi yana leƙe ta taga. A cikin takwas ɗin nan dai babu wadda ta hana yanka.

Yanzu ku ji yadda muke layya a layin nan a da, don ku da kuka zo jiya ba ku gani ba. Ana jibi Sallah zan ɗauki diga da shebur in haƙa rami a ƙarshen fili, can ƙasa bayan katangar Mama Nkechi, inda ƙasa take da taushi kuma ba idon masu wucewa. Zurfinsa zuwa ƙugu. An sauko daga Idi, kowane gida ya jawo ragonsa bakin ramin. Jini ya zuba ciki, a wanke tumbi a ciki, kafin la'asar in zuba toka, in mayar da ƙasa, in daddaɓe. Ko ɗigo ba ya shiga lambatu. Wannan ita ce yarjejeniyar da Baba ya ƙulla da su tun farko, ba a rubuce ba, domin mutanen nan ba sa wasa da jini. Mu a wajenmu jinin rago jinin rago ne. Su kuwa in mutum ya ga jini a ƙofar gidansa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an yi masa asiri.

Sai rabon nama. Kowane gidan Kirista a layin nan ana kai masa tire, cinya ko haƙarƙari, an rufe da farin ƙyalle. Kuma ba a dawo da tiren. Yana zama a gidan har Kirsimeti, ran nan ya dawo cike da shinkafa da naman akuya. Akuyar kuwa ni nake yankawa, a bakin rami irin wancan, don sun san in ba Musulmi ne ya yanka ba ba za mu ci ba. Mama Nkechi ce take fara jawo tata tun da hantsi, tana kira, "Malam Sale, ina wuƙarka?" Tiren da ake kai mata na gidan Alhaji Bala ne, wani babba na ƙarfe mai zanen jan fure, gefensa ɗaya ya ɗan lotsa. Akwai shekarun da Sallah da Kirsimeti suka zo a jere, kwana kaɗan tsakani. Tire yana fita ta wannan ƙofa, wani yana shiga ta waccan, layi ya game da ƙamshin suya da na farfesu, ba ka sanin na gidan wa kake shaƙa. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar a shekarun nan ba.

A ɗaya daga cikinsu ne, ina cikin ramin ina haƙa, Baba yana tsaye a kaina da sandarsa, ya ce, "Sale, ka san Sallah ba ta zama wuri ɗaya?" Na ce na sani mana. Ya ce, "Duk shekara tana matsowa da kwana goma da ɗoriya. Kai a rani ka koyi aikin nan. Ni na ga Sallah a tsakiyar damina a Anaca, na ga abin da ruwa ya yi da ramin mahauta. Ran da ta shiga damina, ka bar nan. Ka koma tudun tanki ka haƙa, ko da zai ci maka kwana biyu." Na ɗago na dubi tudun. Jar ƙasa ce mai tauri, cike da ɓaraguzan bulo, in ka sauke diga tsalle take yi ta dawo. Na yi dariya na ce, "Haba Baba, wannan ai sai nan da shekara goma, Allah dai ya kai mu." Ya ce, "Kai zai kai ka. Ni kam ban sani ba." Bayan shekara biyu ƙafa ta hana shi aiki, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Zariya, a can ya rasu. Allah ya jiƙansa. Gorar can tasa ce.

Sallah kuwa ta yi ta matsowa kamar yadda ya ce, ta bar rani ta shiga ƙarshen damina. Shekarar farko na ga gindin ramin ya yi danshi, na ce ba komai. Ta biyu ruwa ya kai idon sawu, na kwashe da bokiti, aka yi yanka lafiya. Ta uku ma Allah ya rufa asiri, ba a yi ruwa ba ranar. Abin da ke kayar da ma'aikaci ke nan: ya yi ganganci ya tsira, sai ya ɗauka gwaninta ce. Duk shekara ina tuna maganar Baba, in dubi tudun tanki, in ce sai baɗi.

Shekarar da abin ya faru, Sallah ta faɗo a watan da ruwa ya fi ƙarfi. A shekarar ne kuma mijin Mama Nkechi ya rasu, ba a fi wata biyu da binne shi ba, tana cikin fararen kayan takaba, dangin mijin ba su gama watsewa ba. Asabar kafin Sallah na yashe lambatu tun daga ƙasa har get, na zura gora a kwalbati ta wuce ba abin da ta taɓa. Na haƙa ramina inda na saba. Tun ina gwiwa ruwa yake tsattsafowa, na kwashe na ci gaba. An sauko Idi gari garau. Aka yanka rago tara da sa guda na haɗin gwiwa, ramin ya kusa cika, don rabinsa dama ruwa ne. Ina shirin kawo toka sai na ji iska ta juya daga wajen teku. Kafin in kai ga baro, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Duk ruwan filin nan can yake gangarawa, na fi kowa sani. Ina tsaye da shebur ina jefa ƙasa, ƙasar tana narkewa kafin ta zauna. Ramin ya cika ya tumbatsa, ya ɗago duk abin da ke cikinsa, jini da ƙazantar tumbi, ya bi ta ƙarƙashin ƙaramar ƙofar bayan Mama Nkechi. Na zaga da gudu. Na tarar tsakar gidanta jawur, ruwan ya shiga kicin, ya kai dokin ƙofar falo inda aka jingine hoton marigayin da furanni. Tana tsaye a ciki ba takalmi, gefen farin zanenta ya rine. Dangin mijin suna ta ihu, wata tsohuwa tana kewaya kanta da hannu tana "Tufiakwa!", wato Allah ya kiyaye. Ita kuwa, mai muryar da ake ji a get, ta juyo gare ni. Kallona kawai ta yi. Na gwammace ta zage ni.

Da yammar nan matar Alhaji Bala ta aika mata da tire kamar kullum, har da ƙarin cinya. Ba a yi minti goma ba tiren ya dawo, ƙyallen ko ɗagawa ba a yi ba. Kafin magariba wasu huɗu sun dawo daga wasu gidajen. Tun da aka kafa layin nan ba a taɓa yin haka ba. Kwana biyu na yi ina wanke gidanta da garin sabulu da buroshi, na kankare kicin, na kwashe ƙasar lambun na zuba sabuwa. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma yi mini sannu ba.

Shugaban ƙungiyar a lokacin, Ciyaman Amadi, mutumin Ikwere ne, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, mai sanyin hali. Ya kira mitin na gaggawa ranar Lahadi, magana ɗaya: a hana yanka kowace irin dabba a cikin estet. Ranar Asabar Alhaji Bala ya kira ni falonsa, ya nuna mini kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Sale, mu shida ne, su goma sha bakwai. In aka ɗaga hannu mun faɗi. Amma ga yashin ginin Injiniya can an jibge kusa da kwalbati. In an tambaye ka, ka ce shi ya toshe hanya ruwa ya dawo da baya. Kowa zai yarda da kai, kai ne mai gora." Injiniyan nan sabon zuwa ne, yana ƙara bene a gidansa, ba shi da kowa a layin. Na ce, "Alhaji, kwalbati a buɗe take, ni na zura gora." Ya ce, "Na sani. Layyar 'ya'yanmu a ƙofar gidansu nake cewa ka ceta. Ka tuna ni na kawo ka layin nan." Na sunkuyar da kai, na yi masa sallama na fito. Ku masu cewa aikin zama, da ku aka zaunar a kan wannan kujerar, me za ku ce?

An yi mitin ɗin a ƙarƙashin rumfa a fili, taku kaɗan daga inda ramin yake. Ni ba ni da kujera a mitin, ba ni da hannun ɗagawa, a tsaye nake a gefe. Aka yi ta kumfar baki da Turanci da buroka da Ibo. Wani ya ce da gangan aka yi. Alhaji ya tashi ya kawo maganar yashi, Injiniya ya miƙe yana rantse-rantse, har an fara nuna shi da yatsa. Sai Ciyaman ya buga tebur ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam Sale, duk shekarun nan ba ka taɓa yi mana ƙarya ba. Kwalbati a toshe take ranar?" Na dubi Alhaji, na dubi Injiniya yana share zufa, na dubi Mama Nkechi cikin farin zane. Na ce, "A buɗe take, Oga Ciyaman. Ramin ne. Na haƙa shi inda bai kamata ba da damina. Wanda ya koya mini aiki ya ce in koma tudu, ƙyuya ta hana ni. Ba laifin yashi ba ne, ba laifin masu layya ba ne, nawa ne. In kora ce a kore ni, a bar musu yankansu."

Ba su kore ni ba. Da ma sun kore ni ɗin. Aka ce a ɗaga hannu a kan dokar, hannu goma sha huɗu ya tashi, na Mama Nkechi shi ne na ƙarshe. Washegari Ciyaman ya rubuta ta a allo da alli, don ni ba na boko, na bi sawun da fenti: doka ta tara. Alhaji Bala ya yi watanni ina gaishe shi yana amsawa a daƙile. Wasu Hausawan layin suka ce na sayar da su don in tsira da aikina. Na ji zafin wannan maganar ƙwarai, har yau ina ji.

Ana jibi Kirsimeti da hantsi, ina yankan ciyawa a gindin tanki, sai na ji muryar da na yi wata uku ban ji ba. "Malam Sale! Ina wuƙarka?" Na juya, ga Mama Nkechi tana jan baƙar akuya da igiya, kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Ina jin sabo ne ya kawo ta, ta manta. Da na karɓi igiyar nan na zaga bayan tanki, minti biyar an gama, ba mai cewa komai. Amma da wane ido zan dubi Alhaji Bala in Sallah ta zo, in ce masa ya kai ragonsa mayanka? Na ajiye adda, na gaishe ta, na tambayi jikoki, sannan na ce, "Mama, allo ne ya aiko ni. Doka ta tara."

Ta tsaya cak. Ta hangi allon, ta dubi akuyar, akuyar kuwa tana cin ciyawar da na yanke. Ta ce, "Har da ni?" Na ce, "Har da ke, Mama. Kowace irin dabba aka rubuta." Na zaci za ta ɗaga murya layi ya taru. Sai ta ce a hankali, "Da hannuna na ɗaga." Sannan ta ce, "To tsayuwar me kake yi? Nemo keke napep."

Muka saka akuyar a keke, ita a baya tana riƙe da igiya, ni a gaba kusa da direba, har mayankar da nan suke kira silota. Na yanka, aka babbake, aka gyara, muka juyo. Muna isowa get ta ce a tsaya, ta sauka ta miƙe gidan Alhaji Bala, ni ina biye da ita da nama a baho. Ta yi sallama irin tamu, matar Alhaji ta fito. Mama Nkechi ta ce, "Hajiya, tiren nan mai jan fure da na dawo da shi, ba ni abina. A watan nan ba a gidanki yake kwana ba." Hajiya ta shiga ta ɗauko shi. Ranar Kirsimeti ya dawo da shinkafa har tana zuba. Sauran gidaje huɗun da suka ji labari, su ma suka aiko aka ba su nasu. Ran nan ne Alhaji ya leƙo get da kansa ya ce, "Sale, taso ka ci abinci."

A mitin ɗin watan Janairu ta miƙe ta ce a soke doka ta tara, a mayar da ramin tudun tanki. Ba ta samu rinjaye ba, tsoron abin da suka gani bai bar mutane ba. Ta sake kawowa da shekara ta zagayo, ta sake wata shekarar. Amma gidaje sun fara canja hannu, tsofaffi suna komawa ƙauye ko suna mutuwa, masu saye ba su san tire ba, su dai sun ga doka a allo sun ce ta yi musu. Shekara uku ke nan da rasuwarta. A filin nan aka kafa rumfar makokinta, ni na share wurin, ni na jera kujeru. Tun daga ita ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Yanzu ranar Sallah da safe motoci ake cikawa da raguna a tafi silota, a bi layi, a dawo da nama a leda. Yaran da aka haifa bayan shekarar ba su taɓa riƙe wa ubansu ƙafar rago a layin nan ba. Tire yana fita har yanzu, amma gida uku ne kawai suka san ba a dawo da shi sai Disamba. Sauran nan take suke juye naman, su miƙo maka abinka da godiya.

To ga aikin zama nan. Wanda yake so a cikinku, gobe bayan asuba ya zo, akwai takalmin roba ɗaya da ya rage. Lambatu za mu fara, daga ƙasa. In mun gama akwai fenti, don ruwan bana ya cinye rubutun allo, kuma duk shekara sai an sabunta shi. Takwas na sama zan bar muku ku bi sawu. Ta taran ku bar mini, da hannuna nake yin ta.